Gwangwanin fara a jakar ɗana da wani littafin Japan na 1788

Na yi miki alkawarin ci gaba da batun yaye a wannan makon, to ki yi min afuwa, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Wani abu ne ya faru a gidana ya tsaya min a rai, na ce bari in fara sauke shi a nan.

Wata ranar Alhamis ina zazzage jakar makarantar ɗana na biyu, mai shekara takwas, don in wanke ta, sai wani gwangwanin madara ya faɗo. An huhhuda murfinsa da ƙusa. Ina buɗewa fara ta yi tsalle ta dafe min a wuyan riga. Ni da nake wanke gyambo a asibiti ko gezau ba na yi, ranar sai da maƙwabciyata ta leƙo ta katanga tana tambaya ko lafiya. Yayarsa ta kai wa farar silifas, ni kuma na kai masa mari. Bai yi kukan marin ba. Sai da ya durƙusa ya ga abin da silifas ya bari a siminti sannan ya fashe da kuka, yana cewa, "Umma, kwana huɗu ina ba ta ganye. Fukafukanta ba su gama fitowa ba, so nake in ga ta yi saɓa."

Wannan yaron kuwa shi ne malamarsu take rubuto min cewa ba ya mayar da hankali a aji, kullum idonsa na taga. Don haka ranar na haɗa masa laifi biyu na yi ta faɗa har aka kira magariba.

Bayan kwana biyu ina aikin dare. Wajen ƙarfe uku ɗakin ya yi tsit, na zauna ina neman hoton sauro a waya saboda bayanin da zan yi wa mata masu zuwa awo. Kin san halin intanet, ki nemi abu ɗaya ta kawo miki goma. A cikin goman nan na ga wani zane na mazari da malam-buɗe-littafi a kan furanni. Na sa yatsu biyu na buɗa shi. Jijiyoyin fiffiken mazarin siri-siri kamar gashin jariri, kowacce a inda ya kamata. Na ɗauka da alƙalami aka zana, ashe a jikin katako aka sassaƙa su da wuƙa, aka shafa launi, aka danna a takarda, shekara fiye da 230 da suka wuce.

Sunan littafin Ehon Mushi Erabi, wato littafin hotunan zaɓaɓɓun ƙwari. An buga shi a 1788 a birnin Edo. Ba Edo ta Najeriya ba, tsohon sunan Tokiyo ne, babban birnin Japan. Wanda ya yi zanen sunansa Kitagawa Utamaro, wanda ya ɗauki nauyin bugawa kuma wani shahararren ɗan kasuwar littattafai ne, Tsutaya Juzaburo. Littafin juzu'i biyu ne, da hotuna goma sha biyar, kowane hoto ya cinye shafi biyu. A kowanne akwai halittu biyu a jikin wani tsiro, da gajerun waƙoƙin raha biyu, talatin ke nan gaba ɗaya. Mawaƙan sun fake da ƙwarin ne suna zancen soyayya, kamar dai yadda marubutanmu kan fake da tsuntsu ko fure. Ni ba na jin Japananci, kuma ba waƙoƙin ne suka hana ni ajiye waya ba.

Akwai rina a kan sheƙarta da tsutsa mai gashi, akwai ƙoƙi-ƙoƙi, gyare, gizo-gizo, shanshani, makesu. Abin da ya ba ni dariya, har da maciji da ƙadangare da kwaɗo da dodon koɗi da tana, domin kalmar mushi a tsohon Japananci ta haɗa duk wani ƙaramin abu mai rarrafe ko tsalle. Mu ma ai haka muke, in an ce wani ƙwaro ya ciji yaro, zai iya zama komai daga cinnaka har kunama.

Bari in gaya miki yadda ake yin irin wannan hoton, domin a nan ne abin ya fi burge ni. Kin taɓa tsayawa wajen mai sassaƙa hatimi a kasuwa? Kin ga yadda yake yanka haruffa a juye a jikin roba, don in an buga su fito daidai? To asalin aikin ke nan, sai dai an kai shi inda hankali ke ɗauka da ƙyar. Mutum huɗu ne ke haɗuwa a kan hoto ɗaya: mai zane, masassaƙi, mai bugu, da mai kuɗin da ya haɗa su. Mai zane zai yi zanensa da baƙar tawada a takarda marar kauri. Masassaƙi ya kifa takardar a kan allon wani ice mai tauri, na bishiyar da suke kira sakura, ya manne ta, ya murje bayanta har layukan su bayyana. Daga nan ya bi kowane layi da wuƙa ta gefe biyu, ya ƙwaƙule duk abin da ba layi ba. Abin da ya rage a tsaye shi zai ɗauki tawada. Ki lura, zanen asali na mai zane a nan yake ƙarewa, wuƙa ta cinye shi. In hannun masassaƙi ya zame a kan ƙahon gyare, wanda bai kai kaurin zaren ɗinki ba, babu wani maɓalli da zai danna ya dawo da shi.

Wannan allon baƙin layi ne kawai. Kowane launi kuma da nasa allon: na kore daban, na ja daban, na rawaya daban. Hoto ɗaya kan ci allo goma, wani ya fi haka. Takarda guda ita za ta bi allunan nan ɗaya bayan ɗaya, kuma dole kowane launi ya faɗa cikin gidansa. Dabarar da suka yi mai sauƙi ce ƙwarai. A gefen kowane allo suna yanka 'yar kusurwa da ɗan miƙaƙƙen tsagi, suna kiransu kento. Mai bugu zai cusa kusurwar takarda a nan, ya jingina gefenta a can, ya sake ta ta kwanta. Da wannan 'yar alamar ne, wajen 1765, bugun launuka masu yawa ya kankama a Edo, a hannun wani mai zane Suzuki Harunobu da masu aiki da shi. Ke nan littafin ƙwarin ya fito ne shekara ashirin da 'yan kai bayan haka.

Babu inji a aikin. Mai bugu zai ɗiga launin da aka dama da ruwa a kan allo, ya ƙara ɗan kunun shinkafa don ya kama, ya baza da burushi, ya ɗora takarda mai ɗan danshi wadda aka yi da ɓawon wata bishiya, sannan ya murza bayanta da wani abu kamar ƙaramin faifai da aka naɗe da ɓawon gora, sunansa baren. Ƙarfin kafaɗarsa ne injin. In yana son launi ya tashi da duhu ya ƙare da haske, kamar jikin ganye, sai ya jiƙa gefe ɗaya na allon kafin ya shafa. A littafin Utamaro sun ƙara abu biyu. Sun sa garin wani dutse mai ƙyalli a wasu wuraren, irin fiffiken mazari, yadda in an karkata shafin zai yi walƙiya. Wasu wuraren kuma sun danna takarda a kan sassaƙa ba tare da launi ba, sai ta yi tudu-tudu, abin da yatsa zai ji. Waɗannan biyun waya ba ta nuna su sosai, dole ki yi haƙuri da abin da gilashi ya ba ki.

Sunan Utamaro duniya ta riƙe. Ni kuwa a matsayina na ma'aikaciyar jinya zuciyata na wajen masassaƙin da mai bugun, don na san aikin da in ya yi kyau a yaba wa wani, in ya ɓaci a nemo ki. Wannan dai tsokaci ne, mu koma kan yaro.

A ƙarshen littafin akwai ɗan rubutu daga malamin Utamaro, wani tsohon mai zane da ake kira Toriyama Sekien, wanda ya rasu a shekarar da littafin ya fito. A ciki ya tuna ƙuruciyar almajirin nasa, yadda yakan ɗaure mazari da zare, ko ya ɗora ƙaramin ƙwaro a tafin hannu ya shagala da kallonsa, da yadda shi malamin yakan tsawata masa don gudun kada ya saba da kashe rai. Da na karanta fassarar wannan sai na ajiye wayar a kan tebur. Tsohon nan ya yi faɗa, ni ma na yi faɗa. Amma shi tausayin ƙwaron ya sa shi faɗa, kuma bai hana yaron kallo ba. Ni ƙyama ce ta sa ni, kuma kallon ne ma na so in kashe.

Kada ki fahimce ni a karkace. Ban ce duk yaron da ya kama fara zai zama wani abu ba, ban kuma ce a ƙyale yaro ya yi ta kallon taga malama na koyarwa ba. Abin da na gane shi ne hukuncin da muka yanke masa, ni da malamarsa, cewa ba ya iya mayar da hankali, ba daidai ba ne. Yaron da ya kwana huɗu yana ciyar da fara, ya lura fukafukanta gajeru ne, ya kuma san sai ta yi saɓa za su cika, wannan ya iya mayar da hankali. Kuma gaskiyarsa ce, ƙaramar fara takan yi saɓa sau da dama kafin ta zama babba mai tashi. Ni sai da na duba na tabbatar.

Yanzu bari in sa farar rigata in yi miki magana. A gidajenmu ƙwaro ƙwaro ne, hukuncinsa ɗaya, silifas ko feshi. Wannan rashin bambancewar yana da tsada, kuma a asibiti muke ganin kuɗinsa. Na karɓi yara fiye da sau ɗaya da aka kawo suna dalalar da miyau, suna gumi, numfashi na ƙara, ƙwayar idonsu ta tsuke kamar kan allura. In an bincika sai a tarar fiya-fiya ce, ko an yayyafa a ɗaki an rufe ƙofa yara na ciki, ko an zuba ta a robar lemo an ajiye a ƙarƙashin gado yaro ya ɗauka ya kurɓa. Irin wannan maganin na gona ne, ba na ɗakin kwana ba. In har hakan ta faru, Allah ya kiyaye, kada ki sa masa yatsa a maƙogwaro don ya yi amai, kada ki tsaya ɗura masa manja ko madara. Ki cire kayan da maganin ya taɓa, ki wanke fatar da ruwa da sabulu, ki ɗauki robar ki tafi da ita asibiti tare da shi nan take. Ganin robar na taimaka mana mu san abin da za mu ba shi.

Abin takaicin, sau da yawa abin da aka yi wa feshin bai kai feshin haɗari ba. Gyare ba ya sa cuta, ƙararsa ce kawai ke hana barci. Ƙoƙi-ƙoƙi wasu ƙwarin take ci. Mazari kuwa, wanda yaranmu ke kamawa su cire wa fiffike, sauro na cikin abincinsa, 'ya'yansa ma a cikin ruwa suna cin tsutsar sauro. Waɗanda ya kamata yaro ya sani ya kiyaye ba su da yawa: kunama, rina, shanshani, tsutsa mai gashi, da hangara da ire-irenta waɗanda in an murje su a fata suke tayar da ƙuna kamar an zuba ruwan zafi. Irin waɗannan hure su ake yi ko a kaɗe da takarda, ba a mari, in kuma an riga an murje sai a wanke wurin da sabulu maza-maza kuma kada hannun ya kai ido. Yaron da aka koya wa duk ƙwaro abin ƙyama ne, mari zai kai. Wanda ya saba tsayawa ya duba, shi ne zai hure.

Sauron ma ba ɗaya ba ne. Mai kawo zazzaɓin maleriya, wanda ake kira anofilis, in ya sauka a bango yakan ɗaga bayansa sama kamar mai shirin dungure, shi kuwa na kwata da muka fi gani jikinsa a kwance yake daidai da bangon. Macen ce kawai ke cizo. Tsutsar anofilis takan kwanta a miƙe a saman ruwa, ta ɗayan kuma takan rataya kai ƙasa. Na yi shekaru ina faɗa wa mata wannan a wajen awo suna gyaɗa kai. Na faɗa wa ɗana sau ɗaya, washegari ya ja ni bayan ɗaki ya nuna min wata tsohuwar taya da ruwan sama ya kwanta a ciki, tsutsotsi na ta wutsil-wutsil. Gidan ma'aikaciyar jinya fa. Na yi wata uku ina wucewa ta gefen tayar nan.

Na ba shi haƙuri kan marin, abin da ban saba ba, kuma bakina ya yi nauyi kafin ya fito. Na nuna masa hotunan, muka kwashe kusan awa muna buɗa su da yatsu. Sai ya ce mu ma mu yi. Ba mu da icen sakura, muna da dankalin turawa da tsohon silifas. Na raba manyan dankali biyu, na dama sitaci kaɗan, na raba shi uku: ɗaya da ruwan zoɓo mai kauri, ɗaya da kurkur, ɗaya da bular wanki. Shi ya yi zane da biro, ni na riƙe wuƙa. A nan ina roƙonki, kada ki ba yaro reza ko wuƙa don wannan wasan. Yankan reza a yatsa na cikin abin da muke ɗinkewa a kai a kai, kuma tsohuwar reza mai datti ga yaron da allurar rigakafinsa ba ta cika ba, ba abin wasa ba ce. Shi ya zana, shi ya shafa launi, shi ya danna. Yanka naki ne.

Na farko ya fito kamar an taka tumatir. Launi ya yi yawa, dankalin kuma na fitar da ruwa, sai da muka koyi goge shi da tsumma mu bar shi ya sha iska. Na biyu jikin farar ya fito, amma da muka zo ɗora fiffike da ɗaya dankalin sai ya sauka a kan kanta. A nan na tuna kento. Muka koma kan silifas, na yanka shi gida biyu daidai wa daida, muka manna kwali mai kusurwa a kan tire, kowane yanki mu tura shi cikin kusurwar, takarda ma haka. A bugu na shida fiffike ya zauna a bayan fara. Ihun da yaron nan ya yi, ko ranar da aka saya masa keke bai yi shi ba.

Ya kuma gyara min kuskure. Da na karɓi biro zan taya shi, na jera ƙafafun farar tun daga wuya har ƙarshen ciki. Ya ce, "Umma, ba haka ba ne, duka shidan a ƙirji suke, cikin ba shi da ƙafa." Na yi musu, ya fita tsakar gida ya dawo da shaida a hannu. Shi ke da gaskiya. Ni kuma na rama da abin da na karanto, cewa kunnen fara a gefen cikinta yake, na gyare kuma a ƙafafunsa na gaba. Bai yarda ba tukuna, ya ce sai ya gani. Sharaɗin da muka yi shi ne duk abin da ya kama zai nuna min kafin ya taɓa in bai san shi ba, ba ɗaure zare, ba cire fiffike, kuma kafin magariba a sake shi. Gwangwani ba ya ƙara shiga jakar makaranta.

Abu biyu kafin in tafi. Na san za a tayar da batun zanen abu mai rai a wajen sharhi. Wannan fagen malamai ne, kowa ta bi abin da aka karantar da ita. In a gidanku ba a yi, ganye ya wadatar: ki shafa launi a bayan ganyen gwaba ko na mangwaro ki danna a takarda, jijiyoyinsa za su fito tsaf, kallon ƙwaro a tsakar gida kuma ba ya buƙatar biro. Na biyu kuma ya fi muhimmanci. In za ki nemi hotunan, ke ki nema da kanki, ki rubuta cikakken sunan littafin, Ehon Mushi Erabi. Kada ki miƙa wa yaro waya ya rubuta sunan Utamaro shi kaɗai, domin mutumin ya fi shahara da zanen mata, a ciki har da waɗanda sam ba na idon yara ba ne. Gidan tarihi na Metropolitan da ke Amurka da na Fitzwilliam da ke Ingila duk sun sa hotunan littafin a shafukansu. Ki sauke waɗanda kike so, ki kashe data, sannan ki kira shi. In ya ƙoshi da ƙwari, Utamaro ya yi irinsa na tsuntsaye da na kwansar halittun bakin teku.

Malamarsa har yanzu tana ƙorafi, sai dai na je mun zauna, ta yarda ta matso da shi layin gaba nesa da taga, ni kuma na yarda in riƙa duba aikin gidansa kafin a taɓa dankali. Lissafinsa bai gyaru ba tukuna.

Yanzu ya ɗora min wani aikin. Yana son sunan kowane ƙwaro da Hausa, ni kuwa nawa sun ƙare a wajen ashirin. Akwai wani ɗan ja mai laushi kamar karammiski da ke fitowa bayan ruwan farko, akwai kuma mai haƙa ɗan rami kamar mazurari a cikin rairayi ya laɓe a ƙasa yana jiran tururuwa. Me kuke kiransu a garinku? Ku rubuto a wajen sharhi tare da sunan garin, musamman in akwai kaka a kusa da za a tambaya, zan karanta masa ranar Asabar in na sauko daga aiki.